Idon Uwar Kwalabe

A hawa na biyu na ginin kimiyya, can ƙarshen baranda, akwai wani ɗaki da ba sai an nuna wa baƙo ƙofarsa ba, hancinsa zai kai shi. Warin ruɓaɓɓen kifi ke fitowa daga ciki, alhali ko ƙayar kifi ba ta taɓa shiga ɗakin ba. Wani ruwa ne a baƙar kwalba mai wannan hali, kuma matar da ta fi kowa hulɗa da shi ta daɗe da daina jin warinsa. In sabon ɗalibi ya shigo yana toshe hanci, sai ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Sauke hannunka, ɗana. Ilimi ne kake ji, haka yake wari kafin ya nuna."

Ɗalibai ne suka sa mata Uwar Kwalabe, sunan ya bi ta har ya danne na asali. Ba ta da digiri, ba ta kuma taɓa yin kamar tana da shi ba. Ma'aikaciyar ɗakin gwaji ce, ita ke wankewa, ita ke aunawa, ita ta san wace kwalba ce ba a ajiyewa kusa da wace. Gajeriya ce mai kauri, da farar riga wadda aljihunta ba ya rabuwa da alawa da ƙaramin almakashi. Tana da faɗa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Wanda ya bar mata kwalba da jirwaye a wurin wanki zai ji abin da bai ji a gidansu ba, amma kafin ya kai ƙofa an cusa masa alawa a hannu, an ce ya gaida mutan gida.

Uwarta tela ce. Tun tana ƙarama ita ake aike kasuwa sayen zare, kuma ba a ba ta ƙyalle ta tafi da shi. Ta dubi yadin sau ɗaya, ta tafi, ta dawo da zaren da in an ɗinka sai ka rantse daga jikin yadin aka zaro shi. Uwar takan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, na wannan yarinya kuwa mudun ne da kansa. Da ta gama sakandare ba a samu halin wucewa gaba ba, sai wani kawunta mai gadi a jami'a ya samo mata aikin wankin kwalabe. Mai ɗakin a lokacin wani tsohon farfesa ne mai gajen haƙuri, wanda ba ya yarda da ido ɗaya a kan launi, ko da nasa ne. In yana awo, duk wanda ya gitta sai ya kira shi ya duba, masinja ne, mai shara ne, ɗalibi ne. A hankali ya lura kowa yau ya ce wannan gobe ya ce wancan, ban da yarinyar mai soso a hannu, wadda amsarta ba ta motsi. Sai ya rage kiran sauran, daga baya ya daina. Da ya yi ritaya ya bar mata kujerarsa ta bakin taga, al'adar kiran ido na biyu kuma ta tafi tare da shi ba wanda ya lura.

Aikin ba shi da wuyar faɗi, yinsa ne wuya. Auna tsamin ruwa wasan yara ne, ka tsoma na'ura ta faɗa maka. Amma akwai tsamin da ba ya narkewa, yana zaune a jikin busasshen gari, a fatar kowace ƙwaya. Masu digiri asid suke ce masa, ita dai tsami take cewa. Shi ba a tsoma masa komai. Sai a gasa garin a tanderu har laimar jikinsa ta fita tas, a zuba a ƙaramar kwalba tare da wani ruwa mai kama da fetur wanda ba ruwansa da kowa, a ɗiga rini. Rinin rawaya ne a kwalbarsa, amma da ya manne a jikin gari mai tsami sai ya koma ja. Daga nan a kawo mai warin kifin, wanda aikinsa kashe tsami, a cika wani dogon bututun gilashi mai layi-layi da ɗan famfo a ƙasa, a riƙa saki ɗigo-ɗigo, ana girgizawa ana jira. Jan ya yi ta dusashewa har ya bar garin. Yawan abin da aka ɗiga kafin jan ya tafi, shi ne yawan tsamin. Na'urar da ke ɗakin launin ruwa garau kawai take karantawa, shi kuwa wannan launi a jikin gari yake, kwance a gindin kwalba. Dole dai mutum ya duba ya ce jan ya ƙare. Tsakanin ja mai mutuwa da rawaya kuma akwai fili mai faɗi, inda in ka tara mutane kowa zai ba ka tasa amsar.

Uwar Kwalabe tana da dokokinta, kuma ba a taka su. Ba ta awo a ƙarƙashin ƙwan lantarki, sai da hasken safe, kwalba a kan farin tayil. Ranar awo ba ta ɗaura jan ɗankwali, wai yana leƙawa cikin gilashi. An taɓa ganin ta kori wani babban malami daga bakin tagar saboda rigarsa ruwan goro ce, ta ce ya koma can bakin ƙofa ya yi tambayarsa daga nesa. Ya koma kuwa, yana dariya, don kowa ya san ba raini ba ne. Tana son aikin nan so na gaskiya. Lokacin da jan ke barin gari, ɗakin ya yi tsit, kowa na jiran bakinta, shi ne lokacin da ta fi jin ita wata ce a duniya.

Mijinta mai fenti ne, kuma a ɗakin nan suka haɗu. An ɗauko shi ya shafe bango, yana saurayi siriri mai yawan fito. Ya gama bango ɗaya fenti ya ƙare, ya haɗa wani ya yi na biyu. Ta zo wucewa da kwandon kwalabe ta ce masa na biyun ya fi na farko duhu. Ya ce ita da wankin kwalba me ta sani a fenti. Ta ce ba ta san fenti ba, amma tana da ido. Washegari da bangon ya bushe ya zo ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya sake shafawa. Har yau in an tambaye shi yadda ya auri matarsa, cewa yake ya ga in bai kai wannan ido gidansa ya ajiye ba, zai riƙa bin sa yana tona masa asiri a gari. Sun haifi maza uku, duk sun girma sun kama gabansu, ba wanda ya gaji fenti ko kwalba.

'Ya mace a wurin aiki ta same ta. Wata ɗaliba ce ta zo shekarun baya, doguwa, mai kunya, kanta na ja sosai, amma hannunta na rawa in ta riƙe gilashi. A makonta na farko ta fasa bututun da ake ji da shi. Uwar Kwalabe ta tsaya a kanta ta yi mata tatas, sannan ta share gilasan, ta je ta ce wa shugaban sashe ita ce ta ture shi da gwiwar hannu. Yarinyar nan ita ce yau ake kira Dakta, ita ke riƙe da ɗakin gwajin. A gaban mutane Uwar Kwalabe Dakta take ce mata, har da ɗan rusunawa don tsokana, in sun rage su biyu kuwa "ke 'yar nan" ce. Ita kuma Mama take cewa ko a gaban wa. Dakta ta san lissafin aikin ciki da bai, ta san abin da ke gudana tsakanin rini da gari har inda ido ba ya kaiwa, amma ba ta taɓa yarda da idonta a kan launi ba. Tun tana ɗaliba, in an zo wurin yanke hukunci sai ta miƙa kwalbar ta ce, "Mama, duba min." Mama kuwa ba ta taɓa cewa duba da kanki ba. Daɗi take ji a miƙo mata, gaskiyar magana ke nan.

Aikin da Dakta ta zuba ƙuruciyarta a ciki na wani farin yumɓu ne da ake haƙowa a bayan gari. In aka dafa shi da asid, aka wanke, aka gasa, jikinsa yakan ɗauki tsami, tsamin nan kuma shi ke kama dauɗa da duhun ɗanyen man girki ya bar shi garau. Masana'antar mai da ke garin daga ƙetare take sayen irin wannan hoda. Sun ce za su gwada ta Dakta, da sharaɗin a tabbatar musu ba ta rasa ƙarfinta in ta daɗe a ajiye. Sai aka cika ganga aka rufe, kowane wata a ɗebo kaɗan a auna.

Watannin farko lafiya lau. Daga nan lambar tsamin ta fara sauka, kaɗan-kaɗan, irin saukar da za ka ce ba komai sai ka waiwaya ka ga nisan da aka yi. Dakta ta ce ruwa ba ya tsami banza, akwai dalili, kuma za ta nemo shi. Aka zargi tanderu, aka kira mai gyara ya kwance shi ya mayar. Aka zargi sikeli. Aka zubar da tsohon rini aka haɗa sabo, aka buɗe sabuwar kwalbar mai warin kifi har masu ofis a barandar suka kai ƙara. Uwar Kwalabe ta wanke kwalabe da hannunta, ta hana kowa taɓa su. Bayan kowane gyara sai a sake awo, kuma wa zai zauna bakin taga ya duba in ba ita ba? Aka dafa sabon yumɓu, shi ma ya zo ƙasa, Dakta ta riƙe kai ta ce ashe ramin ma ya sauya hali. Duk abin da ke ɗakin nan sai da aka tuhume shi, har murfin ganga, ban da abu ɗaya. Ba wauta ba ce. Mutanen da suka yi shekaru suna gwada komai da ma'auni ɗaya, ba ya zuwa musu a rai su gwada ma'aunin, balle ma'aunin da ke ba su alawa. Haka aka yi ta zagaye har shekara ta juyo.

Uwar Kwalabe kanta a lokacin ta fi kullum alfahari da idonta. Ta yi shekaru tana sa tabarau in za ta karanta ƙananan rubutun jikin kwalba, sai ga shi kwanan nan ta ajiye shi, har tana zura zare a allura ba taimako. Ta riƙa yi wa mijinta gori, wai shi yana tsufa ita tana komawa yarinya.

Wata Asabar Mai Fenti ya ga bangon falonsu ya yi dauɗa, ya fitar da kujeru waje ya shafe shi. Ta dawo daga kasuwa ta tsaya a ƙofa da jaka a hannu.

"Malam, fari na ce maka."

"Fari na shafa."

"Wannan ne fari? Wannan ai madarar da ta kwana ce. Ragowar fentin wa ka kwaso mana?"

Ya yi dariya, ya ɗauko gwangwanin ya nuna mata, sabo ne, da hannunsa ya ɓalle murfin. Ta ce to masu fentin sun cuce shi. Ya ɗauko farar takarda ya dafa a bango, ta ce takardar ma ai ta tsufa. Nan dariyar ta bar fuskarsa. Ya ajiye buroshi, ya goge hannu a wando, ya zagayo bayanta ya rufe mata idon dama da tafinsa mai warin kananzir.

"Yanzu fa?"

Bangon ya ɗan yi haske. Bai kai fari ba, amma ya matso. Ya mayar da hannun kan na hagu, sai falon duk ya koma kamar ana kallonsa ta cikin kofin shayi. Ta ce ya sake. Ya sake. Ta sauke jakar ƙasa a hankali, tumatir ya gangaro, ba wanda ya bi shi. Ba bangon take tunani ba. Lambobin Dakta ne suka faɗo mata a rai, yadda suke sauka wata bayan wata.

Likita ya haska mata fitila ya ce yanar ido ce, ta fi yawa a dama, hagu ma ta fara. Ya ce irin wannan takan sa duniya ta yi rawaya-rawaya a hankali har mai ita bai sani ba, kuma takan yaudari mutum da gyara masa ganin kusa kafin ta rufe shi. Aiki ne mai sauƙi, in layi ya zo kanta za a cire a sa mata wani ɗan gilashi a ciki. Ta tambaye shi ko launi zai dawo yadda ta san shi. Ya ce za ta ga launi har ta yi mamakin shuɗin sama, amma ya zama daidai da na da, wannan ba zai ɗaukar mata alkawari ba. Ta yi godiya ta fito. A hanya ta tsaya wurin mai sayar da zare, ta ɗauki biyu da ta ga iri ɗaya ne, ta tambaye shi kamar da wasa. Ya ce, "A'a Mama, wannan ya fi wannan ja." Ta mayar masa da su ta wuce.

Lissafin bai yi mata wuya ba. Idon da ke ganin rawaya ko'ina zai ga jan ya tafi tun bai tafi ba. Tana rufe famfo da wuri, ɗigon ya yi kaɗan, lambar ta faɗi. Yumɓun yana nan a gangarsa da ƙarfinsa, ita ce ta tsufa, aka rubuta tsufanta da sunan yumɓu. Ta ga wannan sarai tun kafin ta kai tashar mota.

Sai ta yi shiru. Wanzami ba ya son jarfa. Ta ci gaba da zuwa aiki, ta ce a dakata da awo, wai rinin bai kwanta mata ba. Ritayarta ta kusa, kuma Dakta ta riga ta shiga ta fita ta samo mata izinin ci gaba da zama bayan ritayar, da hujjar ba mai iya wannan duban sai ita. Kujerar bakin tagar nan da farin tayil ɗin su ne abin da take da shi a duniya wanda ba na miji ba, ba na 'ya'ya ba. In ta yi shiru laifin zai zauna a kan yumɓu, yumɓu kuwa ba shi da baki. Za a yi mata aikin ido a lokacin hutu, ta dawo, ba mai sani. Sai dai masana'anta ba za ta jira hutunta ba. Dakta ta rame, ta daina zuwa shan shayin safe da suke yi tare, ranar Juma'a kuma ta ce Litinin za ta je ta faɗa musu gaskiya, yumɓunta ba ya riƙe alkawari, su ci gaba da sayen na waje.

Ranar Lahadi da la'asar Mai Fenti na zaune bakin famfo yana wanke buroshi, ita tana tsintar shinkafa a faranti, ko da yake ba tsakuwar take gani ba.

"Kin faɗa wa 'yarki?" in ji shi.

"Zan faɗa."

"An daɗe ana zan faɗa a gidan nan."

"Malam, ka ƙyale ni. Kai in hannunka ya fara rawa, gida-gida za ka bi kana shela?"

"A'a. Amma ba zan tsaya ina kallo mai gida ya rushe bangonsa yana cewa bangon ne ya karkace ba."

Ta ajiye farantin. Sannan ta faɗi abin da ke cinta. "In na faɗa, me ya rage? Tsohuwa mai wankin kwalba."

"Mai wankin kwalba na gani na ce ina so," ya ce, bai ɗago ba. "Kuma tun lokacin ba ta da kunya. Kin tsaya gaban mutane kin ce bangona bai yi ba. Na ji haushi kamar in mutu, ga ni kuma ban mutu ba."

"Kai ai ba ka da zuciya."

"Shi ya sa na daɗe."

Dariya ta kuɓuce mata ba ta shirya ba, hawaye ya biyo bayanta. Ya yi kamar bai gani ba, ya ci gaba da matse buroshinsa, don ya san matarsa, in ka lallashe ta faɗa za ta koma yi.

Litinin ta riga masu shara zuwa. Kafin Dakta ta iso ta gasa gari, ta cika bututu, ta goge tayil, ta jawo kujera ta biyu bakin taga. Dakta ta leƙo da kayan fita da jaka a kafaɗa, ta ce gaisuwa kawai ta zo yi, mota na jiranta a ƙasa.

"Motar ta jira. Zauna."

"Mama, an gama maganar nan. Kada ki ƙara wahalar da kanki."

"Ke 'yar nan, zauna na ce."

Ta zauna. Uwar Kwalabe ta so ta yi doguwar shimfiɗa, tun a hanya take shirya ta, amma da ta buɗe baki sai maganar ta fito a dunƙule. Ta ce yanar ido gare ta, likita ya gani. Ta ce rawaya take gani inda babu rawaya, kuma duk saukar da lambar ta yi tun bara daga idonta ne, ba daga yumɓu ba. Ta ce ta sani ba yau ba, ta ɓoye, wannan kuma ba ido ne ya yi ba, ita ce.

Dakta ba ta yi murna ba, abin da ya ba tsohuwar mamaki ke nan. An dawo mata da aikin shekaru a hannu, amma sai ta hau musu kamar an zagi uwar da ta haife ta. Ta ce ba zai yiwu ba, likitoci suna da ƙari, ai ga ta tana karatu ba tabarau. Ta ce wataƙila hasken tagar ne ya canza, tun da aka yi sabon ginin nan a gefe.

"Har taga za ki tuhuma?" in ji Uwar Kwalabe. "Saura ki ce rana ce ta lalace. Ajiye jakar nan."

Ta ɗora kwalba a kan tayil, ta ɗiga rini. Garin ya yi ja, wannan kam ko ita ta gani.

"Ni zan riƙe famfo, hannuna lafiyarsa ƙalau. Ke za ki duba."

"Mama, kin san ban iya ba."

"Ba ki iya ba don ban bar ki kin iya ba. Garin da ya kwanta za ki duba, ba ruwan ba. Kuma kada ki dube ni."

Ta saki ɗigo, ta girgiza, suka jira garin ya kwanta. Ta sake saki. Jan ya fara sanyi, ya koma ruwan goro, ya ƙara dusashewa. A ƙasa direba ya danna hon, ba wadda ta motsa. Can sai jan ya tafi a idon Uwar Kwalabe. Garin ya kwanta rawaya, ba ko tantama, irin rawayar da ta yi rayuwarta tana tsayawa a kai. Yatsunta suka matse famfo da kansu.

"Da saura," in ji Dakta da ƙaramar murya. "Kamar akwai ja-ja a gefe. Ko kuwa dai... Mama, ke me kika gani?"

"Ba ni aka tambaya ba."

Ta buɗe famfon ta saki wani ɗigo. Tun da ta fara aiki a ɗakin nan ba ta yi abin da ya fi wannan wuya ba, ta zuba a kan abin da idonta ya ce ya gama. Ranta ya yi mata zafi. Dakta ta ce da saura, tsohuwar ta ƙara. Dakta ta sake cewa da saura, muryar ta ɗan fi ta ɗazu ƙarfi, aka ƙara. Ruwan bututu ya wuce layin da yake tsayawa a watannin nan, ya ci gaba da sauka, ya doshi inda yake tsayawa a farkon aikin, lokacin da yumɓu ke da suna mai kyau.

Dakta ta ɗaga kai ta ga layin. Ta juya ta dubi tsohuwar da ke riƙe da famfo, wadda ta ƙura wa kwalba ido alhali ba abin da take gani a ciki sai rawaya. Sai idon Dakta ya cika, kwalba da tayil da taga suka haɗe mata wuri ɗaya.

Uwar Kwalabe ta rufe famfo, ta zaro hankici ta miƙa mata ba tare da ta juyo ba.

"Share, ki share da kyau. Yanzu ba mu da wani ido a ɗakin nan sai naki, ba zan bari ki jiƙa mana shi ba."

Dakta ta share. Ta matso da kujerarta, ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa gilashin, ta daɗe tana duba garin.

"Ƙara ɗaya, Mama."

Ta ƙara.